Wahala kaɗai ba ta gyara mutum: Darasi daga wasan Les Misérables

Shekara 19 Jean Valjean ya yi a kurkuku a kan burodi guda ɗaya. Biyar daga ciki hukuncin satar ne, sauran 14 kuma an ƙara masa ne saboda yunƙurin tserewa da ya yi ta yi. Da a ce wahala ce ke gyara ɗan Adam kamar yadda ake yawan faɗa, da waliyyi za a gani ya fito ranar da aka sallame shi. Amma kwanaki kaɗan da fitowarsa, sai ya tashi cikin dare ya kwashe kayan azurfar mutum ɗaya tilo da ya ba shi abinci da wurin kwana.

Wannan shi ne mafarin Les Misérables, wasan kwaikwayo na waƙa da ake yi a birnin Landan tun shekarar 1985. Da yawa daga masu kallonsa sukan fito da darasi guda, wai wahala makaranta ce, kuma sai wanda ya sha wuya yake zama mutum. Magana ce mai daɗin ji, kuma ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe, mai cewa bayan wuya sai daɗi, mai cewa mahaƙurci mawadaci.

Sai dai wanda ya bi labarin a tsanake zai ga wani abu dabam yake faɗa. Aikin wahala shi ne ta farfasa mutum. Abin da zai biyo baya, ko ya ginu ko ya ƙarasa rushewa, ya dogara ne da wanda ya tarar da shi a cikin wannan hali, da abin da aka damƙa masa a hannu, da kuma zaɓin da shi kansa zai yi ta maimaitawa daga baya.

Maganar ta wuce gardamar masu sharhin wasanni. Ta shafi yadda ake renon yara, da yadda unguwa ke karɓar wanda ya dawo daga gidan yari, da abin da ake gaya wa matar da aka bari da 'ya'ya ba ci ba sha.

Wane irin wasa ne?

Asalin labarin littafi ne na marubucin Faransa Victor Hugo, wanda ya fito a 1862. Sunansa da Faransanci yana nufin miskinai, ko waɗanda duniya ta wulaƙanta. Hugo ya kammala shi ne yana gudun hijira a tsibirin Guernsey, bayan ya bar ƙasarsa a 1851 saboda adawa da juyin mulkin Louis-Napoléon.

Fiye da shekara ɗari bayan haka, Claude-Michel Schönberg ya tsara kiɗa, Alain Boublil, wanda haifaffen Tunisiya ne, ya jagoranci rubuta baitoci, suka mayar da littafin wasan dandamali. An fara nuna shi a Paris a 1980. Daga baya Herbert Kretzmer, haifaffen Afirka ta Kudu, ya rubuta baitocin Turanci, aka buɗe wasan a Landan a watan Oktoban 1985. Yawancin masu sharhi a jaridu sun kushe shi a makon farko, amma jama'a suka yi ta tururuwa suna sayen tikiti. Yau babu wasan waƙa da ya kai shi daɗewa a dandalin West End na Landan, kuma an fassara shi zuwa harsuna sama da 20.

Wanda ya saba da fina-finan Indiya ko na Kannywood ya san labarin da ake tsayawa a tsakiyarsa a yi waƙa. Bambancin wannan shi ne kusan babu magana zalla a cikinsa. Gaisuwa da faɗa da shari'a da wasiyya duk da waƙa ake yin su, har kusan awa uku. A 2012 an mayar da shi fim, inda Hugh Jackman ya fito a matsayin Valjean, Russell Crowe a matsayin ɗan sanda Javert, Anne Hathaway kuma a matsayin Fantine, rawar da ta ba ta kyautar Oscar. Ta wannan fim ne mutane da yawa da ba su taɓa shiga gidan wasa a Turai ba suka san labarin.

Abin da kurkuku ya yi masa

A littafin, Valjean talaka ne mai aikin sassabe da datse rassan itatuwa, yana ciyar da 'yar uwarsa da 'ya'yanta bakwai. Lokacin sanyi ya zo, aiki ya yanke, abinci ya ƙare a gida. Ya fasa tagar mai gasa burodi ya ɗauki guda. Aka kama shi, aka kai shi kurkukun aikin bauta da ke Toulon, aka ba shi lamba 24601 a maimakon suna.

Hugo bai ɓoye abin da waɗannan shekaru suka yi masa ba. Ya shiga yana kuka, ya fito zuciyarsa ta bushe. Ya koyi karatu a can, amma da niyyar ya ƙara ƙarfin ramuwar gayya ya koya. Ya zauna ya yi wa kansa shari'a ya amince ya yi laifi, sannan ya yi wa al'umma shari'a ya ga laifinta ya fi nasa, ya yanke mata hukuncin ƙiyayya. Ladan aikin da ya tara a cikin shekara 19 bai wuce faran 109 da 'yan kai ba.

Da aka sallame shi a 1815, an ba shi wata takarda mai launin rawaya da dole ya nuna a duk garin da ya shiga, mai bayyana cewa tsohon fursuna ne. A wasan, ana nuna shi ya yi aikin gona an biya shi rabin ladan sauran ma'aikata, ya je masauki da kuɗinsa an kore shi. Ƙofar kurkuku ta buɗe, amma duk sauran ƙofofin garin a rufe suke.

To, a nan ya kamata masu cewa wahala makaranta ce su tsaya su duba ɗalibin da ta yaye. Shekara 19 cur ta yi tana koyar da shi, babu hutu. Abin da ya fito da shi ƙarfin jiki ne, da rashin yarda da kowa, da tabbacin cewa duk wanda ya samu dama a kanka zai cuce ka, don haka gara ka riga shi.

Daren da aka juya akalar

A garin Digne, wani bishof, wato babban limamin coci, ya buɗe masa ƙofa. Ya zaunar da shi a teburinsa, aka zuba masa abinci da kayan azurfa na baƙi, aka yi masa shimfiɗa. Cikin dare Valjean ya kwashe azurfar ya gudu. Gari na wayewa 'yan sanda suka taso ƙeyarsa suka dawo da shi. Kalma ɗaya daga bakin mai gidan ta isa ta mayar da shi Toulon har ƙarshen ransa.

Bishof ɗin ya ce wa 'yan sandan kyauta ya ba shi. Ya ƙara da ɗauko abin ɗora kyandir guda biyu na azurfa ya miƙa masa, yana cewa ya manta da su. Da suka rage su biyu, ya gaya masa ya yi amfani da wannan dukiya ya zama mutumin kirki.

Abubuwa biyu ne ya ba shi a wannan safiya, kuma masu ba da labarin sukan tuna ɗaya su manta ɗaya. Na farko mutunci ne. Karo na farko cikin shekara 19 wani ya kira shi ɗan'uwa, ya yi mu'amala da shi a matsayin wanda zai iya zama wani abu. Na biyu jari ne. Azurfar nan kuɗi ce, kuma da ita ya samu abin tsayawa da ƙafarsa. Da nasiha zalla aka yi masa aka sallame shi da yunwa da takardarsa mai launin rawaya, da wuya labarin ya kai inda ya kai.

Littafin ya ƙara wani abu da wasan ya tsallake. A ranar da ya bar gidan bishof ɗin, Valjean ya haɗu da wani ƙaramin yaro a hanya, kuɗin yaron ya faɗi, sai ya take shi da ƙafa ya hana shi. Sai bayan yaron ya gudu yana kuka ne ya farga da abin da ya aikata, ya yi ta nemansa bai gan shi ba, ya durƙusa ya fashe da kuka. Ma'ana, ko bayan an yi masa alheri mafi girma a rayuwarsa, hannunsa bai daina tsohon hali nan take ba. Wanda ya taɓa taimakon mai shaye-shaye ko tsohon ɓarawo ya san wannan. Sau da yawa sai an sake faɗuwa kafin a miƙe, kuma a daidai wannan faɗuwar ce yawancin masu taimako ke janye hannu.

Ba shi kaɗai ya sha wuya ba

Abin da ya sa wasan ya fi ƙarfin wa'azi shi ne ya jera mutane da dama da wahala ta taɓa, kowa da inda ta kai shi.

Ga Fantine. Saurayi ya yi mata ciki ya gudu. Ta bar 'yarta Cosette a hannun wasu masu masauki, ta tafi neman aiki a masana'antar da Valjean ya kafa a garin Montreuil-sur-Mer, inda ya sauya suna har ya zama magajin gari. Abokan aikinta mata suka tona asirin cewa tana da 'ya ba aure, aka kore ta. Ta sayar da sarƙarta, ta sayar da gashin kanta, daga ƙarshe ta sayar da mutuncinta, duk don ta aika kuɗin da masu riƙon 'yar ke ta ƙarawa da ƙarya. Ciwo ya kama ta, ta mutu ba ta sake ganin 'yarta ba. Babu wanda ya kai ta haƙuri a cikin labarin, kuma babu wani daɗi da ya biyo bayan wuyarta. Taimako ya zo mata, amma ya makara.

Wani abin lura shi ne, a wasan, Valjean yana nan lokacin da rigimar ta tashi a masana'anta, amma ya bar wa shugaban ma'aikata ya yanke hukunci ya wuce harkarsa. Mutumin da aka ceto da kulawar minti kaɗan ya kasa ba wata irin wannan kulawa. Shan wahala bai sa ya gane mai wahala kai tsaye ba, sai da ya ga sakamakon sakacinsa da idonsa.

Ga Thénardier da matarsa, masu masaukin da suka riƙe Cosette. Su ma talauci ya ci su, har suka koma bara da damfara a titunan Paris. Darasin da suka ɗauka shi ne duniya ta mai wayo ce. Mijin yana caje aljihun gawawwaki bayan an yi faɗa. A ƙarshen littafin an ba shi kuɗi masu yawa ya bar ƙasar, sai ya tafi Amurka ya shiga cinikin bayi. Shi ma ya samu jari, amma babu abin da ya motsa a zuciyarsa.

Sai kuma Javert, sufeton 'yan sandan da ya shafe shekaru yana farautar Valjean. A kurkuku aka haife shi, daga irin kwatar da Valjean ya fito shi ma ya fito. Hanyar da ya bi ya tsira ita ce ya rungumi doka ya ƙi jinin duk wanda ya karya ta, ya kuma ƙudurta cewa ɓarawo ba ya taɓa sauyawa. A lokacin tawayen ɗalibai na watan Yunin 1832 a Paris, 'yan tawaye suka kama shi suka damƙa wa Valjean ya kashe shi. Valjean ya kwance shi ya ce ya tafi. Irin alherin da bishof ya yi wa Valjean ne aka yi wa Javert, amma shi ya kasa ɗauka. Duk abin da ya gina rayuwarsa a kai ya rushe, ya ƙare da jefa kansa a kogin Seine.

Idan aka jera su, za a ga Fantine tana da zuciya amma ba ta samu mai miƙo hannu a kan lokaci ba. Thénardier ya samu kuɗi amma bai so sauyawa ba. Javert ya samu afuwa amma ya kasa karɓa. Valjean ne kaɗai abubuwan suka haɗu masa. Wahala kuwa dukkansu sun sha ta har wuya, don haka ba za a ce ita ce ta bambanta su ba.

Abin da masu bincike suka gano

Wani zai ce ai wannan ƙagaggen labari ne, marubuci yana juya mutanensa yadda ya so. Gaskiya ne. Sai dai binciken masana halayyar ɗan Adam ya zo kusa da abin da Hugo ya hango.

A tsakiyar shekarun 1990, Richard Tedeschi da Lawrence Calhoun na Jami'ar North Carolina da ke Charlotte a Amurka suka fito da batun bunƙasar da mutum kan samu bayan mummunan tashin hankali. Sun ce mutanen da suka wuce ta cikin musiba sukan ba da labarin sauyi ta fuskoki biyar: ƙarin sanin darajar rayuwa, kyautatuwar alaƙa da mutane, gano ƙarfin da ba su san suna da shi ba, ganin sabbin hanyoyi, da zurfin imani. Amma su kansu sun jaddada cewa musibar ba ita ke kawo wannan ba. Gwagwarmayar da mutum ke yi da abin da ya same shi ce ke kawowa, kuma samun mai saurarensa yana da babban tasiri a ciki.

A 2009, Patricia Frazier ta Jami'ar Minnesota da abokan aikinta suka gwada wani abu. Sun auna halin ɗalibai kafin wani mummunan abu ya same su, suka sake aunawa bayan ya faru. Sun tarar cewa abin da mutum ke faɗa na cewa ya ƙaru bai cika dacewa da ainihin sauyin da aka auna ba. Wato wani lokaci cewar “abin nan ya ƙara min ƙarfi” hanya ce ta rarrashin kai. Babu laifi a rarrashin kai, amma bai kamata a gina tarbiyya ko doka a kansa ba.

Akwai kuma binciken da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1990 kan mutum fiye da 17,000, ƙarƙashin jagorancin likitoci Vincent Felitti da Robert Anda. An tambaye su irin ƙuncin da suka gani suna yara, kamar duka da cin zarafi da tashin hankali a gida. Sakamakon ya nuna cewa gwargwadon yawan abin da yaro ya gani, gwargwadon haɗarin da yake ciki na shaye-shaye da ciwon damuwa da cutar zuciya idan ya girma. Jiki ba ya mantawa.

Wanda ya fi kusa da labarin Valjean shi ne aikin Emmy Werner a tsibirin Kauai na Hawaii. Ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 har suka kai shekara 40. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun taso cikin talauci da rikicin gida. A cikin waɗannan, kusan ɗaya cikin uku sun girma sun zama mutane masu natsuwa da riƙon amana. Da aka duba me suka yi tarayya a kai, abin da ya fi fitowa fili shi ne kowannensu ya samu aƙalla babba guda ɗaya da ya tsaya masa, ko kaka, ko inna, ko malami, ko maƙwabci. Wasu da suka lalace a ƙuruciya ma sun farfaɗo daga baya, bayan sun samu damar komawa karatu, ko aiki, ko abokin zama nagari, ko jama'ar addini da ta karɓe su.

Amma ai akwai waɗanda wahala ta gina

Za a iya kawo misalin Nelson Mandela, wanda ya yi shekara 27 a tsare, 18 daga ciki a tsibirin Robben, ya fito a watan Fabrairun 1990 ba tare da neman fansa ba. Kowane gari ma yana da attajirin da ya fara da dako, ko malamar da ta yi talla kafin ta ga aji. Ba a musanta waɗannan. Kuma gaskiya ne wanda bai taɓa faɗuwa ba bai san yadda ake tashi ba, yaron da aka hana shi ko da ɗan ƙaramin ƙalubale yakan taso ba ƙashin baya.

Amma a duba da kyau. Mandela ya shiga kurkuku yana lauya, yana da aƙida, yana tare da abokan gwagwarmaya irin su Walter Sisulu da Ahmed Kathrada, suna karantar da juna, duniya kuma tana kiran sunansa daga waje. Attajirin da ya fara da dako, idan aka zauna da shi, sai an ji sunan ubangidan da ya fara ba shi bashin kaya. Sannan waɗanda suka tsira ne kaɗai ke ba da labari. Sauran 'yan dakon da suka fara tare, waɗanda baya ya karye ko ƙwaya ta cinye, babu mai gayyatarsu su yi jawabi. Idan aka ji muryar ɗaya aka manta da tara, sai a ɗauka wahala ce ta yi aikin.

Wani kuma zai ce wannan magana tana sauke wa mutum nauyin kansa, tana sa shi zaman jiran mai ceto. Wasan ya amsa wannan. Shekaru bayan daren Digne, Valjean yana magajin gari, yana da dukiya da suna, sai ya ji an kama wani bawan Allah da ake zaton shi ne, za a yanke masa hukunci a madadinsa. Da ya yi shiru, da ya tsira har abada, kuma yana da hujja, domin ɗaruruwan ma'aikata sun dogara da shi. Ya kwana yana kokawa da zuciyarsa, sannan ya shiga kotu ya bayyana kansa. Babu bishof a wurin. Haka ya sake zaɓa lokacin da ya je ya karɓo Cosette ya rene ta, da lokacin da ya saki Javert, da lokacin da ya saɓa Marius, saurayin da zai raba shi da 'yar da ya rena, ya ratsa magudanan ƙazanta na ƙarƙashin Paris da shi don ya ceci ransa. An buɗe masa ƙofa sau ɗaya, amma tafiyar shekara da shekaru shi ya yi ta da ƙafarsa.

Inda maganar ta shafi gida

Imani da cewa azaba tana gyara mutum yana da farashi, kuma an ga farashin a arewacin Najeriya. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a unguwar Rigasa a Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa da tabon duka a baya. Makonni bayan haka aka gano wasu irinsa a wasu garuruwa. Da yawa daga waɗanda ke ciki iyayensu ne suka kai su da hannunsu, ba don ƙiyayya ba, sai don sun yarda cewa idan yaro ya ji jiki zai shiryu.

A wannan shekarar ce kuma aka sa hannu a dokar da ta sauya sunan hukumar gidajen yarin Najeriya zuwa ta gyaran hali. Suna ne mai kyau. Amma mafi yawan waɗanda ke tsare a gidajen har yanzu jiran shari'a suke yi, wanda ya fito kuma yakan tarar da tasa takardar mai launin rawaya tana jiransa, ko da ba a rubuta ta ba. Ba mai ɗaukarsa aiki, ba mai ba shi aure, kuma duk abin da ya ɓace a layi shi za a fara kallo. Idan ya koma sata sai a ce dama hali zanen dutse ne. Wannan ita ce aƙidar Javert, da Hausa.

Haka abin yake a ƙananan wurare. Maigidan da ke gana wa yaron shagonsa azaba yana cewa shi ma haka aka yi masa. Dangin da ke ce wa bazawara mai 'ya'ya huɗu ta yi haƙuri, su tashi su tafi ba wanda ya tambaye ta ko akwai abin ɗorawa a murhu. Haƙuri babban abu ne, kuma shi ke riƙe mutum kada ya fashe kafin sauƙi ya zo. Amma idan wanda yake da halin taimako ne ke furta kalmar don ya rufe zancen, to ta zama hanyar zamewa.

Abin da ya rage a hannun kowa

Ga wanda yake tsakiyar wahala a yanzu, labarin bai yi masa alkawarin cewa komai zai zama alheri ba, kuma bai ɗora masa dole ya fito da wani darasi ba. Idan abin da ya iya shi ne ya kai gobe, ya yi ƙoƙari. Abin da labarin ke nuna masa shi ne kada ya bari ɗacin da ya sha ya zama shi ne ra'ayinsa game da kowa, kuma idan aka miƙo hannu kada girman kai ko kunya su hana shi kamawa. Neman taimako wurin ɗan'uwa, ko malami, ko likitan ƙwaƙwalwa, yana cikin hanyar fita.

Ga wanda yake tsaye a gefe kuwa, aikin ya fi bayyana. Ba kowa ne zai iya kyautar da azurfa ga wanda ya yi masa sata ba, kuma ba a ce a bar ƙofa a buɗe ga mai cutarwa ba. Amma tela yana iya ba yaron da ya dawo daga gidan yari keke ɗaya a lungun shago. Shugabar makaranta tana iya karɓar yarinyar da ta yi shekara biyu a gida ba tare da ta tona mata asiri a gaban aji ba. Mai shago yana iya ba bazawarar layinsu kwalin taliya bashi ta fara sayarwa. Kowanne daga cikin waɗannan ya haɗa abubuwa biyun da aka ba Valjean a Digne, mutunci da abin yi. Wani zai ci amana, wannan tabbas ne. Bishof ɗin ma an ci tasa kafin gari ya waye, kuma bayan cin amanar ne ya yi kyautar da ta yi aiki.

A littafin, Valjean ya sayar da sauran azurfar amma bai taɓa rabuwa da abin ɗora kyandir ɗin nan biyu ba. Ya yi ta yawo da su daga gari zuwa gari, daga ɓuya zuwa ɓuya, har ranar da ya mutu suna kunne a gabansa, ya bar wa Cosette su gado. Sarƙar Toulon ta yi shekara 19 a ƙafarsa, baƙuncin Digne kuma dare ɗaya ne. Da ya zo bayyana wa 'yarsa abin da ya mayar da shi mutum, kyautar daren nan ya nuna mata.